Keke mai inji: Abin yi idan farantin sarƙa ya lanƙwashe

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, keke ya sake samun daraja a biranenmu, wasu kuma suna ɗora masa ƙaramin inji kirar China domin rage wahalar tuƙi. Da zarar injin ya hau, mai keken yakan manta da feda da farantin nan mai haƙora da sarƙa ke hawa, yana ganin aikinsu ya ƙare. A gaskiya a lokacin ne aikinsu ya ƙaru.

Irin wannan keke yana da sarƙa biyu. Ta hagu, mai kauri, ita ke ɗaukar ƙarfin inji zuwa tayar baya. Ta dama ita ce ta asali, wadda feda ke juyawa. Yawancin ƙananan injunan da ake gauraya musu fetur da baƙin mai ba su da abin tayarwa na kansu: sai an riƙe kulochi, an taka feda keken ya ɗauki gudu, sannan a saki kulochin injin ya kama. Ke nan idan farantin dama ya karkace har sarƙa ta riƙa zamewa, injin ma ba zai tashi ba. Haka kuma idan mai ya ƙare a hanya, fedar ce za ta kai mutum gida. A kekunan da ake taka birkinsu ta hanyar mayar da feda baya kuwa, faɗuwar sarƙar na nufin rasa birkin baya, a kan abin hawan da kan yi gudun kusan kilomita 40 a awa.

Sau da yawa matsalar daga faɗin injin take farawa. An ƙera hannayen feda ne su wuce dab da firam, domin babu wanda ya yi tsammanin za a cusa wani abu a tsakani. Siraran injuna kan shiga ba tare da wahala ba. Amma mai faɗi, irin mai cc 49 da ake tayarwa da igiya, yakan fito ta gefe har hannun feda ya riƙa bugun murfinsa ko salansa. Domin haka ake sayar da saitin feda mai faɗi, wato doguwar aksul ko hannaye masu gwiwa da ke buɗewa waje. Saitin na da nasa aibi. Idan aksul ta tura farantin waje, sarƙa ta daina tafiya a miƙe zuwa baya, sai ta riƙa cin haƙora ta gefe. Sannan feda mai faɗi ta fi saurin taɓa ƙasa a kwana, musamman idan wadda ke ɓangaren kwanar tana ƙasa. Bugu ɗaya a gefen kwalta ya isa ya murɗe hannu da faranti tare.

Kafin a taɓa komai, a kashe inji, a cire hular filogi. A jingine keken, a riƙe alli a jikin firam kusa da haƙoran, a juya feda a hankali. Inda allin ya shafa, nan ne farantin ya karkato. Sai dai ba kowane rangaji ne laifin faranti ba. A kama hannun feda a girgiza shi gefe da gefe. Idan yana motsi, boris ne ya saki ko ya cinye. Idan kuma fedar ce ke lilo a ƙarƙashin tafin ƙafa alhali faranti na tafiya daidai, to hannun ne ko sandar fedar ta lanƙwashe.

Farantin ƙarfe da ya karkace kaɗan yana gyaruwa. Ana matse shi da sifana mai daidaitawa a daidai wurin da allin ya nuna, ƙasa da haƙora, a ja kaɗan, a juya a duba, a sake ja. Aikin na haƙuri ne, kuma guduma ba ta da amfani a nan, domin takan gyara wuri ɗaya ta ɓata biyu. Na alminiyom ba ya jure lanƙwasawa, yana iya tsagewa. Faranti mai tsaga, ko wanda haƙoransa suka zama kamar ƙugiya, ko wanda ya fara motsi a inda aka danne shi da hannun feda, sauya shi ake yi. Ya fi kyau a sauya sarƙar tare da shi, don tsohuwar sarƙa da ta miƙe takan cinye sababbin haƙora da wuri.

Hannun feda ne bai kamata a yi wa dabara ba. Akwai masu kai shi wurin mai walda a gasa shi a buɗe shi don ya kauce wa inji, saboda ya fi sayen saiti araha. Ƙarfen da aka gasa aka murɗa ya yi rauni, kuma a kansa mutum ke ɗora dukkan nauyinsa lokacin tayar da inji.

Wajen sayen sabo ne mutane suka fi yin asara, don saitin ba iri ɗaya ba ne. Tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix ana ɗaure hannunsu ne da ƙusa mai noti da ke ratsa gefen aksul. Na zamani suna da aksul mai kai kusurwa huɗu, kuma sai da abin zarewa na musamman hannun ke fita. Akwai kuma kirar Amurka, wadda hannaye biyu da aksul ƙarfe ɗaya ne, ramin firam ɗinta ya fi girma kuma ba shi da zare. Zaren feda ma ya bambanta: kirar Amurka rabin inci ne, sauran 9/16 na inci. Sarƙar keke mara giya faɗinta 1/8 na inci, ta mai giya 3/32, don haka faranti mai kauri ba zai karɓi siririyar sarƙa ba. Mafi sauƙi shi ne a je kasuwa da tsohon saitin a hannu, tare da awon faɗin injin.

A wajen ɗaurawa, a tuna cewa zaren fedar hagu a juye yake, haka ma murfin boris na dama a yawancin kekuna masu zare. Masu tilasta su ta hanyar da aka saba su ke lalata firam. A sa giris, a bar tazarar aƙalla santimita ɗaya tsakanin hannun feda da inji ko salansa, sannan a tsaya a bayan keken a hango ko sarƙa na tafiya a miƙe. Bayan tafiyar kwana biyu ko uku a sake matse notunan, domin girgizar inji na sassauta su fiye da yadda tuƙin ƙafa ke yi.