Sa Idon Malamai a Kan Manhajar Ilimin Bai-ɗaya da Littattafanta a Jami'o'in Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya shiga jami'a a Nijeriya, ko likitanci ya zo karantawa ko Hausa, wajibi ne ya ci wasu kwasa-kwasai da ake kira na ilimin bai-ɗaya kafin a ba shi digiri. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana a wuyan wa alhakin duba manhajar waɗannan kwasa-kwasai da littattafansu ya rataya, da kuma dalilin da ya sa al'amarin ya shafi malaman harsuna kai-tsaye.

2.0 Asalin Tsarin da Ikon Majalisar Jami'a

Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, wadda aka buɗe a 1960 tare da shawarar Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, ita ce ta fara wannan tsari a ƙasar. A wancan lokaci majalisar malaman kowace jami'a ce ke yanke abin da za a koyar, domin dokar da ta kafa jami'a ita ta ɗora mata kula da koyarwa da jarrabawa. Dokar Soja mai lamba 16 ta 1985 ta ba Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ikon shata mafi ƙarancin matakin da kowane fanni zai cim ma, hukumar kuwa ta fitar da kundin farko a 1989, ta sake wani a 2007. Kundin da ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya riƙe kashi 70 cikin ɗari na manhaja a hannun hukumar, ya bar wa jami'o'i kashi 30, ya kuma taƙaita ilimin bai-ɗaya zuwa kwas shida. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta soki kundin a 2023, tana ganin shiga hurumin majalisa ne.

3.0 Kwas Maras Uba

Gardamar da ke tsakanin hukuma da majalisa ta ɗauke hankali daga wata matsala da ta fi kusa. Kwas na sashe yana bi ta matakai sanannu: malaman sashe su tattauna shi, hukumar tsangaya ta tace, majalisa ta amince, sannan mai jarrabawa na waje ya zo ya duba tambayoyi da amsoshin 'yan ajin ƙarshe. Kwas na bai-ɗaya kuwa yawanci yana ƙarƙashin wata cibiya ce mai darakta, wadda ke aro malamai daga sassa daban-daban. Sashen da ya ba da aron malami ba ya ɗaukar kwas ɗin nasa ne, tsangaya ba ta cika sa shi a ajandarta ba, majalisa kuma sakamako kawai take gani a ƙarshen zango, alƙaluman dubban ɗalibai a jere. Ta haka kwas ɗin da kowa ke ɗauka ya zama shi ne wanda ba a faye duba cikinsa ba.

A nan ne maganar littafi ke shigowa. Jami'o'i da dama sun hana sayar da takardun lacca da malamai ke gurzawa, kuma hanin ya dace. Sai dai a wurare da yawa abin da ya maye gurbinsu shi ne littafin cibiya, wanda malaman kwas ke raba babi-babi su rubuta, a buga, a ce kowane ɗalibi ya mallaka. Idan marubucin babi shi ne mai koyarwa, shi ne mai fitar da tambayoyi, kuma yana da rabo a cinikin, to, takardar lacca ce aka yi wa bango. Abin da ya raba littafin jami'a da ita ba kauri ba ne, a'a, tantancewar masanin da ba shi da hannu a ciki ce.

3.1 Inda Abin Ya Taɓa Harsuna

Cikin kwas shidan akwai na al'ummomin Nijeriya da al'adunsu. Ga mafi yawan ɗalibai, musamman na kimiyya, wannan ne kaɗai zaman da za su yi a jami'a su ji bayani a kan harsunan ƙasarsu. Ɗalibin injiniya a Kalaba ko Akure abin da babi ɗaya ya gaya masa game da Hausawa shi zai riƙe har tsufansa.

Fannin kuwa ya yi nisa. Tun 1963 Joseph Greenberg ya daidaita rabon harsunan Afirka zuwa manyan iyalai huɗu, ya sa Hausa cikin reshen Cadi na iyalin Afro-Asiya, ya watsar da tsohon laƙabin nan na harsunan Hamawa. A 1970 Abdullahi Smith ya nuna raunin ɗaukar labarin Bayajida a matsayin tarihin kafuwar daulolin ƙasar Hausa. Ƙidayar Hansford da Bendor-Samuel da Stanford ta 1976 ta kawo harsuna 394 a Nijeriya, yau kuma masana na lissafa fiye da 500. Marubucin da ba fanninsa ba ne, ya kuma dogara da littattafan da ya karanta yana sakandare, cikin sauƙi zai maido duk abin da aka riga aka gyara, ya haɗa da rubuta kalmomin Hausa ba ƙugiya, na Yarabanci da Ibo ba ɗigo. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, tun da ba a kai babin gaban sashen da ya san abin ba.

Gyaran bai buƙaci sabuwar doka daga Abuja ba, domin kundin hukuma jigogi yake zayyanawa, zaɓen littafi kuma na majalisa ne. Tana iya kafa kwamitin dindindin mai wakili daga kowace tsangaya, ta shar'anta cewa babin da ya shafi harshe sai ya bi ta sashen harsunan Nijeriya da wani masani na wata jami'a kafin a kai shi maɗaba'a, ta raba sayen littafi da makin jarrabawa, ta kuma ajiye isassun kofe a laburare saboda ɗalibin da ba shi da halin saye. Wakilan sassan harsuna suna da kujeru a majalisar, don haka gabatar da takardar neman hakan a hannunsu yake.