Idan bahon wanka ya tsufa: gyaran makewayi saboda iyayenmu

Da yawa daga cikin manyan gidajen da aka gina a Yamai, Maraɗi da Damagaram a shekarun 1970 da 1980, zamanin da kuɗin uraniyom na Arlit ke shigowa ƙasa, an sanya musu dogon bahon wanka irin na Turawa, wanda masu jin Faransanci ke kira benwar. A wancan lokaci abin alfahari ne. Yau irin waɗannan bahuna sun haura shekara 40: farin shafensu ya zaizaye, tsatsa ta ci bakin magudanarsu, ruwa kuma yana zurarewa ta ƙarƙashi yana jiƙa bango. Maigida yakan tsaya yana shawara da zuciyarsa, ko ya sayo sabo irinsa, ko ya sake tsarin makewayin baki ɗaya.

Mu dai ba mu yi wannan shawara a kan lokaci ba. Wata asuba mahaifiyarmu, wadda ta ba shekara 70 baya, ta ɗaga ƙafa za ta fito daga bahon, santsi ya kwashe ta, ta faɗi ta karye a wuyan hannu. Allah ya taƙaita abin, ƙugu bai taɓu ba. Amma makonni shida ta yi hannunta a ɗaure, kuma abin da ya fi yi mata ciwo shi ne ganin surukarta na yi mata wanka, ita da ta saba yi wa kanta komai.

Irin wannan faɗuwa ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2021 cewa kimanin mutum 684,000 ke rasuwa kowace shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka wuce shekara 60 su ne abin ya fi shafa. Bakin baho yakan kai tsayin santimita 50 zuwa 60 daga ƙasa. Kafin dattijo ya tsallake shi, dole ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan jiƙaƙƙen wuri mai sabulu.

Ga kuma zancen ruwa. Cika baho yana cin lita 150 zuwa 200, wato kusan jarka goma ta mai ga-ruwa, alhali bokiti ɗaya mai lita 15 ko 20 ya ishi babba wanka. Mutumin Damagaram, da ya san daren da ake kwana ana jiran famfo, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ya kuma tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi alwala da mudu ɗaya, ya yi wanka da sa'i guda ko abin da ya ɗara shi kaɗan. Mu faɗi gaskiya: a gidajenmu ba a kwanciya cikin baho. Tsayawa ake yi a ciki da bokiti, ko a mayar da shi wurin jiƙa wanki. Mai jego ma, da ke bukatar kujera da faffaɗan wuri don wankan ruwan zafi, takura kawai yake yi mata.

Saboda haka shawararmu ita ce a cire shi, a yi shimfiɗaɗɗen daɓe wanda ba sai an tsallake komai ba. Kafin a fara, a rufe ruwan gidan, a kashe wutar makewayin. Bahon ƙarfe yakan wuce kilo 100, don haka a nemi ƙarti su kama, kada yara su kusanci wurin. Idan ya fita, a duba bututun da ke ɓoye a bayansa. In na ƙarfe ne da suka yi tsatsa, a canza su a lokacin, domin babu asarar da ta kai fasa sabon bango saboda tsohon bututu.

Daɓen ya gangara zuwa magudana da santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. A ƙarƙashin magudanar a sa lanƙwasasshen bututun nan da ke riƙe ɗan ruwa, shi ne ke hana wari da kyankyasai dawowa. A shafa maganin hana yoyo a ƙasa da gindin bango kafin a shimfiɗa karo, sannan a toshe magudanar a tara ruwa na kwana ɗaya ko biyu a ga ko zai ragu. A nan ne muka yi kuskure. Maginin farko da muka ɗauka saboda araha ya ce wannan gwaji ɓata lokaci ne. Kafin watanni uku fentin ɗakin da ke maƙwabtaka da makewayin ya fara kumbura, sai da aka fasa aka sake. Araha ba ta ado.

Karon ƙasa ya zama mai kaushi, a bar mai sheƙi wa bango. A kafa ƙarfen riƙewa a tsayin santimita 80 zuwa 90, a dasa shi sosai cikin bulo yadda zai ɗauki nauyin babba. A gina ɗan dakali ko a ajiye kujera mai ƙarfi, a sa famfo ƙasa-ƙasa don cika bokiti da wanke ƙafafu. Fitila ta zama mai haske, makunninta a waje, ƙofa kuma ta riƙa buɗewa zuwa waje, domin idan mutum ya faɗi a bayanta a iya kai masa ɗauki.

Ranar da aka gama aikin, Hajiya ta shiga, ta dafa ƙarfen, ta zauna a kan dakalin, sannan ta ce wa surukarta: "Ki koma aikinki, ƴata, yau da kaina zan yi." Ga duk mai tsoho a gida, muna roƙon ya leƙa makewayinsa a daren nan ya dube shi da idon mai shekara 70. Allah ya ba mu ikon kyautata wa iyayenmu, ya sa mu gama da su lafiya. Amin.