Akwatin kallo: da igiya ko ta iska?

Ƴan uwa masu karatu, ko wannan abu ya taɓa faruwa a gidanku? An yi sallar lisha, an ci tuwo, an shimfiɗa tabarma. Manya da yara sun zauna gaban tele ana kallon kokowa. Ƴan kokowa biyu sun riƙe juna, ɗaya ya ɗaga ƙafar ɗan uwansa. Sai hoto ya tsaya cik. Wani ɗan zobe ya fito a tsakiyar gilashi yana ta juyawa. Kafin hoto ya dawo, an riga an yi kaye, makaɗa suna ta kiɗa. Wa ya ka da wani? Oho!

Maigida ya ce akwatin ne ba shi da kyau. Yaro ya ce rezo ne. Maƙwabci ya ce a sayo igiya. Kowanensu yana iya zama da gaskiya. To, kafin ku fid da kuɗinku, ku tsaya mu ga ta inda hoton nan yake biyowa.

Wane akwati ne?

Tele ba baƙuwa ba ce a Nijar. Tun 1964 aka soma koya wa yara karatu da ita a ƙasar nan. Daga baya Télé Sahel ta zo, mutane suka riƙa ɗaure antan a kan doguwar sanda. Sannan parabol ya shigo, da dekodarsa, irin na Canal+. A duk waɗannan, tasha ce mai zaɓar abin da za ku gani da lokacin da za ku gan shi.

Akwatin da muke zance daban yake. Ƙarami ne, bai kai girman littafin nan ba. Masu sayarwa suna ce masa akwatin Android. Shi ta intanet yake ɗauko hoto, kamar yadda salula take ɗauko bidiyo. In an jona shi da tele, kuna iya buɗe YouTube ku kalli Labarina, ko wa'azi, ko labaran duniya. Kuna iya neman kokowar takobi da aka yi a Diffa a ƙarshen 2022 ku sake kallo, ko da tsakar dare ne.

Amma akwatin ba shi da intanet na kansa. Sai an ba shi. Mai ba shi shi ne modem, wato na'urar da ake sa wa layin Airtel ko Moov ko wani kamfani. Wasu kuma salularsu suke buɗewa ta raba masa. Tsakanin modem da akwati, hanya biyu ce. Ko igiya, ko iska. Ta iskar ita ake kira wifi.

Mu je gonar tattasai

Duk wanda ya yi noman tattasai a bakin Komadugu ya san wannan. Inji yana jawo ruwa daga kogi. In ka sa tiyo daga bakin inji har cikin fangali, ruwan da ya shiga shi ne zai fita. In kuwa ka sake shi ya bi lambatu a fili, rairayi zai sha nasa, rana ta sha nata, wani ya ɓalle ya shiga inda ba a so. Fangalin da ke kusa ya ƙoshi, na nesa ya samu kaɗan.

To igiya ita ce tiyo. Wifi shi ne lambatu. Ku riƙe wannan misali, za mu dawo kansa.

Abokan gabar wifi

Wifi yana da daɗin aiki. Ba huda bango, ba jan waya, ba abin da yaro zai yi tuntuɓe da shi. Salula biyar suna iya sha daga modem ɗaya. Sai dai yana da abokan gaba, kuma yawancinsu a gidajenmu suke zaune.

Na farko shi ne nisa. Kowane taki da kuka ƙara tsakanin modem da akwati, ƙarfi yana raguwa.

Na biyu shi ne bango. Zana da bukkar kara ba sa tare shi sosai. Amma bangon ƙasa mai kauri, irin wanda muke so don sanyin ɗaki lokacin bazara, yana cinye shi ƙwarai. Bango ɗaya da sauƙi. In sun kai biyu ko uku, abin da zai isa akwati ba shi da yawa. Bulon siminti mai ƙarfe a ciki ma haka.

Na uku shi ne ƙarfe. Ƙofar ƙarfe, tagar ƙarfe, rufin kwano, akwatin kaya na ƙarfe, duk suna mai da wifi baya kamar yadda madubi yake mai da haske. Akwai masu ɓoye modem cikin kabad na ƙarfe don gudun ƙurar hunturu ko hannun yara. Niyyar mai kyau ce, amma sun kulle rezonsu da kansu.

Akwai kuma ruwa. Wannan kan ba mutane mamaki. Ruwa yana shanye wifi. Randa cike da ruwa ko jarka, in tana tsakanin modem da akwati, tana rage masa ƙarfi. Jikin ɗan Adam ma yawancinsa ruwa ne. Shi ya sa wani lokaci da rana hoto yana tafiya lafiya, da dare ɗaki ya cika da ƴan kallo sai ya soma tsayawa.

Wasu modem suna da wifi iri biyu. In kun duba sunayen a kan tele, za ku ga ɗaya da lamba 2.4, ɗaya da lamba 5. Mai 5 ya fi gudu, amma ba ya nisa, bango yana saurin tare shi. Mai 2.4 bai kai shi gudu ba, amma ya fi shi juriya. In modem da akwati ɗaki ɗaya suke, ku zaɓi 5. In akwai bango a tsakani, ku zaɓi 2.4.

Sai maganar ƙarshe, wadda ba a cika son faɗi ba. Wifi ba ya tsayawa a iyakar gida. Yana tsallake katanga. In lambar sirrinku ta shiga hannun yaran unguwa, kun zama mai rijiya a bakin hanya. Kowa ya ɗiba, hoto ya tsaya, kuɗin da kuka sa na wata ya ƙare a sati. Ku riƙa canza lambar. Kuma kada ku sa 12345678, don ita kowa yake fara gwadawa.

Igiya fa?

Masu gyara suna ce mata kabul. Kada ku haɗa ta da ta parabol, wadda take da ƙarfe ɗaya a tsakiya. Wannan in an yanke ta, za a ga ƙananan wayoyi 8 a ciki, an murɗe su biyu-biyu. Kanta na roba ne mai kusurwa huɗu. In kun tura shi cikin raminsa, za ku ji ya ce ƙyas. Kai ɗaya a bayan modem, ɗaya a bayan akwati. Shi ke nan, ba a neman wata lamba.

Igiya ba ruwanta da bango, ba ruwanta da ƙofar ƙarfe, ba ruwanta da yawan mutane. Tana iya kai mita 100 ba tare da ta rasa ƙarfi ba. Gidaje kaɗan ne suka kai wannan tsawo. Kuma ba mai satar abin da yake bi ta cikinta daga bayan katanga.

Ita ma tana da nata. In aka bar ta a rana, robar tana bushewa ta tsage. Ɓera yana gaigayar ta, akuya ma ba ta ƙyale ta. In aka matse ta da ƙofa, wayoyin ciki suna karyewa alhali waje lafiya lau. Don haka in za ta ratsa tsakar gida, a zura ta cikin tiyon roba, a bi da ita jikin bango. Da damina kuma, in hadari ya taso da tsawa, ku zare ta, ku zare na kuran ma. Tsawa tana iya bin waya ta ƙone modem da akwati da tele gaba ɗaya.

A ganina, abin da ba ya motsi a ba shi igiya. Tele ba ta yawo. Inda aka ajiye ta bara, nan take bana. Salula ce mai yawo, ita a bar mata iska. In an yi haka, salular ma ta samu sarari, tun da babban mai shan ya fita daga layi.

In kogi ya janye

Mu koma gona. In Komadugu ya janye, inji yana jan laka, ko tiyon zinariya kuka sa ruwa ba zai zo ba. Nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗi. Igiya tana gyara hanyar da ke cikin gida kaɗai, daga modem zuwa akwati. Ba ta gyara hanyar da ke waje, daga dogon ƙarfen kamfani zuwa modem. Wannan ta iska ce, ko kun so ko kun ƙi.

Mutumin da ke tsakiyar garin Diffa, ƙarfen kamfani yana kusa da shi. Wanda ke wani ƙauye na Shetimari, nesa da babbar hanyar kwalta, nasa rezon tun daga waje ya iso a gajiye. Ciwonsu ba ɗaya ba ne, maganinsu ma ba ɗaya ba.

Ga yadda za ku gane naku, ba tare da kun kashe ko dala ba. Ku ɗauko modem ku ajiye shi dab da akwati, ba komi a tsakaninsu. Ku kunna abin da kuka saba kallo, a lokacin da ya saba tsayawa. In hoto ya tafi sumul, to laifin na cikin gida ne, igiya za ta yi magani. In ya ci gaba da tsayawa, laifin na waje ne. Kada ku sayi igiya tukuna.

In na waje ne, sai a nema wa modem wuri mai kyau. Ku zagaya da shi cikin gida kuna duban ƴan sandunan da ke nuna ƙarfin rezo. Yawanci bakin taga ya fi, kuma sama ta fi ƙasa. Ku gwada layin wani kamfani, don wani ya fi wani ƙarfi a wata unguwa. To in wurin da modem ya fi kamawa yana can ɗakin zaure, tele kuma tana ɗakin uwargida, kun ga inda igiya ta dawo da amfaninta. Modem ya zauna inda rezo yake, igiya ta kai wa tele.

Wata rana kuma ba laifin kowa ba ne a garin. Abin da muke kira na iska, yawancin tafiyarsa cikin igiya yake yin ta. Manyan igiyoyi suna kwance a ƙarƙashin teku, wasu an binne su a ƙasa. Nijar ba ta da teku, don haka nata yana biyowa ta ƙasashen maƙwabta. Ranar 14 ga Maris 2024, wasu igiyoyin teku suka lalace a wajen gaɓar Kodebuwa. Ƙasashe da yawa na Afirka ta Yamma suka rasa intanet ko ya yi musu rauni. A irin wannan rana, ba abin da mai gyara zai yi muku. Ko Starlink, da ya soma aiki a Nijar a 2025, wanda yake kamawa daga tauraron ɗan Adam, farantinsa da igiya yake shigo da intanet cikin ɗaki.

Maganar kuɗi

Wani zai ce, in na sa igiya, megana za su daɗe? A'a. Wani lokaci ma sun fi saurin ƙarewa. Dalili shi ne, in akwati ya ga hanya ta buɗe, da kansa yake zaɓar hoto mafi kyau. Hoto mai kyau kuwa ci gare shi. Awa ɗaya ta hoto mai tsabta ƙwarai tana iya cin jiga 3. Ta hoto matsakaici ba ta cika wuce jiga 1 ba.

Kuna iya hana shi. A YouTube akwai wurin zaɓar kyan hoto. Za ku ga lambobi: 360, 480, 720, 1080. Ƙaramar lamba, ƙaramin ci. A ƙaramar tele, 480 ta isa a gane fuskar kowa. Kuma in rezo ba shi da ƙarfi, rage lambar nan yakan sa zoben ya daina juyawa.

In za ku saya

Ranar da kuka je kasuwar Diffa sayen akwati, ku juya bayansa ku duba. Ku nemi rami mai kusurwa huɗu, wanda kan igiya zai shiga. Akwai wasu ƙanana masu kama da ɗan yatsa da ake sokawa a bayan tele. Yawancinsu ba su da wannan rami. Modem ma haka: ƙaramin na aljihu, mai batir, yawanci ba shi da shi, sai babban da ake ajiyewa a kan tebur. In ɗaya yana da rami ɗaya ba shi da shi, igiyar ba ta da wurin shiga.

Tun daga gida ku auna nisan da zare, ku bi da shi ta inda igiyar za ta bi, ku ƙara kamu biyu ko uku. Ku tafi da zaren. Kuma ku ce wa mai shago ya jona igiyar a gabanku, ku ga ƴar fitilar ramin ta kama, sannan ku biya.