Yadda Ake Haɗa 'Yan Tsaki Da Zakaran Gida

'Yan uwa manoma da uwayen gida, kowa ya san ɓarnar da annobar kaji ke yi a lokacin hunturu. A ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa, Bichi da Dawakin Tofa, sau da yawa gida mai kaji goma kan wayi gari saura zakara ɗaya tilo. Daga nan sai uwargida ta aika kasuwa, kamar ta Ɗambatta mai ci ranar Lahadi, a sayo mata 'yan tsaki don ta sake kafa kiwo. Wasu na gida suke saye, wasu kuma irin na gona, kamar Noiler. To, a nan ake yin asara ta biyu: a saki 'yan tsakin a tsakar gida tare da zakara tun ranar farko.

Me ya sa ba a yin haka?

Zakara ba uwa ba ne. Ba ya rufe tsako da fiffike, ba ya ɗumama shi. Ya saba shi kaɗai ke da gida, saboda haka baƙo yake ganinsu. Sara ɗaya a ka ya isa ya kashe ɗan tsako. Ko bai sare su ba, zai tattake su wajen cin abinci. Bayan haka, zakaran da ya tsira daga annoba yana iya ɗauke da cuta, su ma baƙin suna iya zuwa da tasu.

Ga matakan da za a bi:

1. A raba su. A ajiye 'yan tsaki a kwali ko babban kwando, a ɗaki mai ɗumi, har su yi mako 6. Lokacin gashinsu ya fito sosai. A ba su tsakin masara ko gero, da garin ƙuli-ƙuli, da gara in an samu, da ruwa mai tsabta.

2. A yi musu riga-kafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, tana yin maganin riga-kafin wannan annoba, wanda ake ɗigawa a ido. A tuntuɓi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. A yi wa zakaran ma, a riƙa maimaitawa duk bayan wata 3 zuwa 4.

3. Su ga juna, amma ban da taɓawa. A fito da su tsakar gida da rana, a kife su da kwando mai ƙofofi, a ɗora dutse a kai. Zakara zai zo ya zagaya, ya leƙa, ya gaji ya tafi. A yi haka mako 2.

4. Haɗuwar farko. Idan sun kai mako 8, a sake su da la'asar, mutum na tsaye a wurin. A watsa abinci wuri biyu ko uku, nesa da juna. A ɗaga bakin kwandon da duwatsu, yadda tsako zai shige amma zakara ba zai iya ba. Wannan maɓoya za ta kuma cece su daga shirwa.

Idan zakara ya ɗan kore su ya ƙyale, ba komai, girmansa yake nunawa. In kuwa yana bin ɗaya yana sara, ko an ga jini, a raba su nan take, a sake gwadawa bayan mako guda. Idan yana tsintar abinci yana kiransu, to ya karɓe su.

5. Kwana daban. Kada a haɗa su a akurki ɗaya sai sun kai wata 4. Zakara mai nauyi yana ji wa ƙaramar kaza ciwo idan ya hau ta.

A kuma lura, cikin 'yan tsakin akwai maza. Da sun fara cara, faɗa zai tashi tsakaninsu da babba. Zakara ɗaya ya ishi kaji 8 zuwa 10. Sauran sai a turke su, a sayar lokacin Salla, a sami kuɗin taki ko na littattafan yara.

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Haƙurin wata biyu ya fi asarar kuɗin kiwo. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa.