Fentin Inji: Darasin Da Tsohuwar Fijo Ta Koya Mana

A hutun zangon da ya wuce, mu uku muka haɗa kuɗi domin tayar da wata tsohuwar Fijo 504 da ta yi shekaru a ajiye a gidan kakan ɗayanmu a Kaduna. Da bakanike ya gama aikinsa inji ya tashi, sai muka ga bai dace mu bar shi da datti da tsatsa ba. Muka sayi gwangwanin fentin feshi, irin wanda ake fesa wa ƙofa da kujerar ƙarfe, muka fesa. Ranar farko sai sheƙi yake yi. Kafin mako uku fentin ya kumbura ya fara ɓarewa, inda fetur ya ɗiga kuwa ya narke. Kuɗinmu ya tafi, aiki ya dawo sabo.

Wannan asara ce ta sa muka nemi sanin yadda masu farfaɗo da tsofaffin motoci a Amurka da Turai suke yi. Sai muka tarar tambayoyi biyu suke yi kafin su sayi fenti: shin launin ya dace da shekarar motar, kuma zai jure wa zafi?

Mu fara da launi. A da, kamfanoni da dama suna da launin da aka san injinsu da shi. Injinan V8 na Chevrolet ruwan lemo ne tsawon shekaru, sai a 1977 aka koma shuɗi. Kamfanin Ford ya mayar da injinansa shuɗi daga 1966, saboda haka wanda ya fesa wa injin Mustang ta 1965 shuɗi ya yi kuskure, domin nata baƙi ne. A Ingila kuwa, injinan tsofaffin Mini da Morris Minor kore ne. A gasar tsofaffin motoci ta Pebble Beach a jihar Kalifoniya, wadda aka fara a 1950, alƙalai suna buɗe bonet su duba ko komai yana nan yadda ya fito daga masana'anta. Launin da ba na asali ba yana rage wa mota maki, yana kuma rage mata daraja a idon mai saye.

Sunan launi a jikin gwangwani bai isa shaida ba, haka ma hoton waya, domin kowane allo da yadda yake nuna launi. Dabarar ita ce a nemi lungun da rana da wanki ba su taɓa ba, kamar bayan wani ƙarfe da aka ɗaure da noti, inda fentin asali ya saura. A fesa sabon a kan guntun ƙarfe, a bari ya bushe, a gwada su a hasken rana.

Sai batun juriya. Ruwan lagireto yakan kai wajen digiri 90 a ma'aunin Salshiyas, kuma wasu sassan inji sun fi haka zafi. Shi ya sa ake yin fentin inji na musamman, wanda galibi aka rubuta a jikinsa cewa yana jure wa digiri 260. Bututun da hayaƙi ke fita daga inji zuwa salansa kuwa zafinsa ya wuce nan, yana buƙatar wani fentin dabam mai jure wa digiri 650 ko fiye. Ban da zafi, akwai fetur da baƙin mai da man birki, waɗanda duk suke cin fenti. Fentin da ake haɗawa da sinadarin ƙarfafawa, wanda masu sana'ar ke kira 2K, ya fi jure musu. Amma a yi hattara: tururinsa yana illata huhu, kuma takunkumin yadi ba ya kare mutum daga gare shi. Wanda ba shi da kayan kariya gara ya bar wa ƙwararru.

Babban kuskurenmu ma ba a zaɓen fenti kaɗai yake ba. Mun fesa ne a kan maiƙo, fenti kuwa ba ya kama maiƙo. A karo na biyu mun wanke injin sau uku da sinadarin cire mai, muka kankare tsatsa da burushin ƙarfe, muka rufe ramukan filogi da kafireta, muka yi fentin shimfiɗa, sannan muka fesa launin sama-sama har sau uku maimakon mu lafta shi a tashi ɗaya. Mun yi aikin a rufaffen wuri mai shan iska, saboda ƙurar hunturu takan manne wa ɗanyen fenti.

Tun 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna, kuma har yau akwai ragowar 504 da 505 a garejin gidaje suna ruɓewa. Ga ɗaliban injiniyanci da na makarantun koyon sana'a, gyara su aiki ne da ke haɗa ilimin sinadarai da tarihi, kuma yana iya zama abin dogaro. Injin namu dai yanzu wata huɗu ke nan, fentin bai ɓare ba.