Yadda Za Mu Gane Dinya a Fadama

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu duk tsuntsun da muka gani a bakin ruwa sai mu ce agwagwa ce. A wannan makon mun kawo muku dinya, wadda ta fi duk dangin agwagwa girma a Afirka. Ana samun ta a fadamun Haɗejiya da Nguru, da Tafkin Chadi. Kada mu haɗa ta da ɗinya, itacen nan mai baƙaƙen 'ya'ya.

Kamanninta: Dinya doguwa ce, tsawonta yakan kai mita 1, babban namiji kuma yakan wuce kilo 6. Bayanta baƙi ne mai sheƙin kore idan rana ta haska shi, fuska da ciki farare. Baki da ƙafafu ja-ja ne. Namiji yana da jar fata marar gashi a fuska, da ɗan tudu a goshi. A gwiwar kowane fiffike akwai wani tsini mai kaifi kamar ƙaya, da shi take faɗa.

Tashinta: Saboda nauyi, a hankali take kaɗa fikafikai, wuya a miƙe. Za mu ga fari a gaban fiffiken. Da asuba ko da yamma sukan tafi kiwo a jere, ɗaya bayan ɗaya.

Kukanta: A nan mutane ke mamaki. Duk girman nan, muryarta 'yar ƙarama ce. Namiji yakan yi siririn fito lokacin tashi, mace kuwa ba ta cika kuka ba.

Tsuntsaye biyu ne ke ruɗa mu. Kwarwa ba ta kai dinya girma ba. Kanta fari ne da ɗigo-ɗigon baƙi, namijinta yana da baƙin ƙullutu a kan baki, fikafikanta kuma babu fari. Kirinjijiya kuwa ƙarama ce mai farar fuska, ga yawan fito mai gaɓa uku.

Da damina dinya ke ƙwai, galibi a cikin doguwar ciyawa kusa da ruwa. Idan muka tarar da sheƙa, mu bar ƙwan a wurin, mu kuma ajiye danƙo a gida. Mu tsaya daga nesa, mu rubuta launi da tashi da kukan da muka ji, mu kawo wa ƙungiyarmu don fitowa ta gaba.