Hutu a gaɓar tekun Ghana: Unguwa ake fara zaɓa kafin otal

Ƙetare iyaka ba baƙon abu ba ne ga mutumin Sabon Birni ko Isa. Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji duk gida ne ga Bagobiri, kuma idan ya je can ba ya neman otal, domin akwai ɗan uwa ko abokin ciniki da zai share masa ɗaki. Wannan sabo ne kan jefa wasu 'yan kasuwa da ma'aikatan yankin cikin asara a ranar da suka yi niyyar kai iyali hutu gaɓar teku, inda ba su da dangi, kuma hoton da ke cikin waya shi kaɗai ne jagora.

Ghana na cikin ƙasashen da suka fi sauƙi ga irin wannan tafiya. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa ɗan Najeriya damar zama har kwana 90 ba tare da biza ba, sai dai a tanadi fasfo da katin rigakafin shawara, wanda ake tambaya a wurin shiga. Tsohuwar hanyar arewa ta Nijar da Burkina Faso ba ta hutu ba ce yanzu, saboda rashin tsaro da kuma ficewar ƙasashen biyu daga ECOWAS a Janairun 2025. Saura jirgi daga Legas, tafiyar kimanin sa'a ɗaya, ko mota ta Seme da Kwatano da Lome zuwa Aflao, wato iyaka uku a yini guda.

Amma kafin Legas akwai Sakkwato, kuma a nan lissafin mutumin gabashin jihar ya sha bamban da na Bakano. Hanyoyin Isa da Sabon Birni sun daɗe a hannun barazanar 'yan bindiga. Har yau ba a manta da matafiyan da aka ƙona cikin mota a wannan yanki a Disambar 2021 ba. Wanda zai bi irin wannan hanya ba shi da tabbacin ranar fitarsa. Don haka sharaɗin farko ga masaukinsa shi ne a iya ɗage rana ko a soke ba tare da kuɗi sun salwanta ba. Ɗakin da aka rage wa farashi bisa sharaɗin ba a mayar da kuɗi ya dace da mazaunin Abuja ne. Bagobiri gara ya biya ɗan ƙari, ya kuma bar kwana ɗaya ko biyu a Sakkwato tsakanin barin gida da tashin jirgi.

A Accra, wadda tsofaffin fatake ke kira Ankara, unguwa ce ke yanke hukuncin yadda hutu zai kasance. Otal biyu na iya zama farashi ɗaya, gado iri ɗaya, amma ɗaya yana Osu, inda kiɗa da mashaya ke kaiwa tsakar dare, ɗayan kuma yana kusa da Kanda, inda ake jin kiran sallah daga Babban Masallacin Ƙasa da aka buɗe a 2021 da tallafin Turkiyya. Hoton ɗaki ba ya nuna wannan bambanci. Taswira ce ke nuna shi.

Kakanni sun riga sun warware wannan matsala. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba sa sauka sai a zango, a hannun maigidan da zai ba su ɗaki, ya ajiye kayansu, ya haɗa su da masu saye, ya kuma tsaya musu idan rigima ta taso. Daga wannan tsari ne unguwanni irin su Sabon Zango, wadda Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20, suka samo asali. A Nima da Mamobi ana ciniki da Hausa har gobe. Akwai koko da ƙosai da safe, akwai tuwon zafi, akwai shinkafa da wake da mutanen Ghana suka mayar waakye, ba kuma sai an tambayi yadda aka yanka naman ba. Gaskiya dai zango na da cunkoso da hayaniya, kuma ba kowane gidan baƙi ne a cikinsa zai yi wa mai iyali daɗi ba. Dabarar da ta fi ita ce a kama ɗaki a gefensa, a unguwanni masu natsuwa da ke maƙwabtaka da shi, ta yadda abinci da masallaci ba su wuce tafiyar mintoci kaɗan ba. Mai abokin ciniki a zango ya roƙe shi ya je ya ga ɗakin da idonsa kafin a tura ko sisi.

Tambayoyin da za a yi wa otal kaɗan ne, amma a same su a rubuce. Shin akwai janareto da ke ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki? Ghana ma ta san ɗauke wuta, har ta raɗa masa suna dumsor, kuma zafin bakin teku mai gumi ne, ba busasshe irin na Gobir ba. Shin farashin ya haɗa da haraji? Harajin VAT da sauran kuɗaɗen da ake ɗorawa, har da kashi 1 na yawon buɗe ido, kan haura kashi 20 cikin 100. Shin wurin na da lasisin Hukumar Yawon Buɗe Ido ta Ghana? A kuma duba canjin ranar, domin sidi ya yi ƙarfi sosai a 2025, kuma lissafin wanda ya je shekaru biyu da suka wuce ba zai yi aiki ba.

Lokaci ma yana da nasa farashi. Babbar daminar Accra kan kama daga Afrilu zuwa Yuli, ta fi tsanani a Yuni. Ambaliyar 3 ga Yunin 2015 da gobarar gidan mai da ta biyo ta sun hallaka mutane kimanin 150 a tsakiyar birnin. Disamba kuwa, tun bayan gangamin dawowar 'yan Afirka mazauna ƙetare na 2019, ta zama watan da ɗakuna ke tsada kamar zinariya. Agusta na da sanyi-sanyi da ƙarancin ruwa, ta kuma dace da dogon hutun makaranta.

Game da abin da za a yi, kuskuren da aka fi tafkawa shi ne cusa ƙasa guda cikin kwana biyar. Gandun dajin Mole da giwayensa da tsohon masallacin Larabanga suna can arewa, tafiyar yini, kuma ƙasar can ta yi kama da wadda aka baro a gida. Wanda ya zo don teku da kurmi ya nufi yamma. Cape Coast na da nisan kimanin kilomita 150 daga Accra, kuma kusa da ita akwai Elmina, inda Turawan Fotugal suka gina ganuwarsu a 1482. Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da aka tsare bayi kafin a loda su a jirgi ba wurin nishaɗi ba ne, kuma ya kamata iyaye su shirya yara tun kafin a shiga. Daga nan Kakum ba nisa, inda gadoji bakwai na igiya ke rataye tsakanin dogayen bishiyoyi, sama da mita 30 daga ƙasa. A kwana a Cape Coast a shiga Kakum da sassafe ya fi a yi zuwa da dawowa daga Accra a yini ɗaya cikin cunkoson Kasoa.

Ɗan kasuwa ba zai rasa leƙa Makola ba, kuma babu laifi, muddin an ware mata yini guda an bar wa iyali sauran. Bakin tekun Labadi a ƙarshen mako cike yake da kiɗa da jama'a. Mai son iyalinsa su ga teku cikin sutura da natsuwa ya je da safe a tsakiyar mako. Sai a kiyaye abu ɗaya: iya iyo a gulbin Rima ko Bunsuru ba ya nufin iya Atilantika. Igiyar wannan gaɓa tana janye mutum zuwa ciki ta ƙarƙashin ƙafa, ko da ruwan bai wuce ƙugu ba, kuma wurare da yawa babu masu ceto. Yara su tsaya inda kumfa ke ƙarewa, hannunsu cikin na babba.